Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatan Jinya Kan Tsawa a Ɗakin Haihuwa

Zuwa ga nas-nas da ungozomomin asibiti.

Babu mai musun wahalar da ma'aikatan jinya ke sha, domin sau da yawa nas guda ce ke kwana a kan masu naƙuda da dama, ga ɗaukewar wuta, ga albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma Allah ya saka musu da alheri. Sai dai abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne tsawa da gori, wani lokaci har da mari a cinya, da ake yi wa mace a kan gadon haihuwa, labule a yaye, ɗalibai sun kewaye ta ba a nemi izininta ba, ana kiranta da lambar gado kamar ba a yanka mata ragon suna ba.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce ana yi ne don ta yi nishi a ceci jariri, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta wulaƙanci, domin mutunci, wato darajar da ɗan Adam ke da ita ko yana tsaye ko yana kwance, ba ya faɗuwa don mai shi ya shiga hannun wani. Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Khandak, tanti ta kafa a masallacin Madina, kuma tanti sutura ne kafin ya zama ɗakin magani. Florence Nightingale kuwa, a littafinta na 1859 kan jinya, ko raɗa a kusa da maras lafiya ta lissafa cikin cutarwa, balle tsawa. Magabatan wannan sana'a murya suke sassautawa kafin su miƙa hannu, abin takaici kuwa har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a 2014 tana tuna wa ƙwararru abin da kakanni suka sani ba tare da takarda ba.

Macen da aka yi wa gori ba ta kai ƙara, kunya ba za ta bari ba, sai ta haɗiye, idan wani cikin ya zo ta haihu a ɗaka, inda jini kan ɓalle babu mai tsayar da shi, sannan a zauna a taro ana ɗora laifin kan jahilcinta.

Masu haƙuri cikin ma'aikata suna da yawa, su yi wa marubucin afuwa idan harshe ya yi kaifi. A gaida masu aikin dare.