An Tura Mu Rijiya Ba Guga

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ina da ƙara, kuma a gabanku zan kai ta.

Bara aka tura mu koyon aiki, mu ɗaliban fannin ba da shawara. Ni aka kai ni wata makarantar sakandare a ƙasar Birnin Kudu, can wajen Sundimina. A mako na biyu wata yarinya ta shigo, ta zauna, ta yi shiru har na zaci ɓatan hanya ta yi. Can sai ta ce za a cire ta daga makaranta a yi mata aure, ita kuwa ta sayi maganin ɓera ta ɓoye. Jama'a, shekaruna 22, abin da na sani duk na takarda ne. Na lallashe ta, na nemo wata malama ta raka ta gida, amma na kwana uku ban runtsa ba. Shin na faɗi daidai? In gaya wa mahaifinta, ko yin haka ƙara wa wuta itace ne? Babu wanda zan tambaya. Malamin da aka ɗora ya duba mu sau ɗaya ya zo, ya sa hannu a littafina, ya yaba kyawun rubutuna, ya hau mota sai Gwaram.

Wannan ake kira dubawa? Ku je asibitin tarayya na Birnin Kudu ku gani ko ana miƙa wa ɗan koyo wuƙar tiyata a fita a bar shi da majinyaci. To, don me ake bar mana zukatan mutane? Ko don raunin zuciya ba ya zubar da jini?

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma ba doka ce za ta zauna da marayun Majiya ba, inda gobarar tankar mai ta kashe fiye da mutum 150 a Oktoban 2024. Irinmu ne za a tura.

Za a ce malamai kaɗan ne, kuɗin mota kuma babu. Mun ji. Ai akwai waya. Ƙungiyarmu ta nemi a ba kowane ɗan koyo sa'a guda duk mako tare da ƙwararre, ya bi aikinsa dalla-dalla, ya kuma tambaye shi yadda shi kansa ya kwana. A kuma gaya mana, tun kafin mu ɗauki jaka, likitan da za mu kai wa irin wannan yarinya.