Zaɓen 2020 a Maraɗi: Ƙofar da ya kamata direbobi su ƙwanƙwasa

A duk lokacin yaƙin neman zaɓe, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita sahu ne ke cika ayarin 'yan takara daga Maraɗi zuwa Tsibiri da Jiratawa. Ana zuba musu mai, a ba su riga da hula, taro ya watse. A 2020 sun samu dama biyu a cikin mako biyu: zaɓen kansaloli na ranar 13 ga Disamba, sai na shugaban ƙasa da 'yan majalisar dokoki 171 a ranar 27 ga wata. Koke-kokensu sanannu ne. Abin da ke yawan ɓacewa shi ne sanin wanda ke da ikon magance kowane ɗaya.

Magana ta farko ita ce mai. Tun ƙarshen shekarar 2011 matatar Soraz da ke Damagaram ke da ƙarfin tace ganga 20,000 a kowace rana, wanda a lokacin ya fi abin da ƙasar ke sha, amma a 2020 litar esansi na tsaye a sefa 540, wato dala 108. Shekara da shekaru direban Maraɗi ya dogara da man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe a bakin titi, domin ya fi araha. Lissafin ya dagule tun da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, sannan a watan Nuwamba ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Farashin mai a gidan mai gwamnati ce ke yanke shi a Yamai. Don haka a 2020 tambayar ta masu neman kujerar Mahamadou Issoufou ce, irin su Bazoum Mohamed, Mahamane Ousmane, Seini Oumarou da Ibrahim Yacouba: nawa ne haraji da kuɗin dako a cikin dala 108, kuma me za a iya ragewa?

Batun hanya kuwa ya rabu biyu. Babbar hanya ta RN1 da ta ratsa Tsibiri ta nufi Tasawa da Damagaram, da wadda ta gangara Ɗan Isa kan iyakar Jibiya, na gwamnatin ƙasa ne, kuma direba na biyan kuɗin hanya a shinge da sunan gyara. A 2020 ɗan majalisa ne ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ya dace a tambaya inda kuɗin ke tafiya. Amma titunan cikin unguwanni, magudanun ruwa, fitilu, tashoshin mota da harajin da ake karɓa a hannun 'yan kabu-kabu aikin magajin gari ne, wanda a 2020 kansaloli ne ke zaɓa daga cikinsu. Bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya bar wa birnin sabuwar kwalta, sai dai kwalta na bukatar kulawa, kuma ambaliyar daminar 2020 ta nuna abin da toshewar magudanu ke jawowa. Kafin 2020, rabon da a yi zaɓen ƙananan hukumomi tun watan Janairun 2011, saboda haka zaɓen 13 ga Disamba, da mutane ke rainawa, shi ne mafi kusa da aljihun ɗan kabu-kabu.

Sai shingayen bincike da tsaro. Direbobi na kukan yawan tsayawa da kuɗin da ba a bayar da takardar shaida a kansa. A lokaci guda kuma, satar mutane da dabbobi a gundumomin Madarumfa da Gidan Runji ta sa wanda ke jigilar zogale da kayan lambu daga Jiratawa ba zai so a janye jami'an tsaro ba. Bukatar da za ta samu karɓuwa ita ce a rubuta tarar kowane laifi a fili, a kuma bayar da takarda. Nan direbobi ma na da nasu nauyin: lasisin tuƙi, inshora, hular kwano da rage lodi. Ɗan takarar da ya yi alkawarin ɗauke musu waɗannan duka, ƙuri'a kawai yake nema.

Akwai kuma abin da babu ɗan takarar da ke iya yankewa shi kaɗai. A lokacin, buɗe iyaka na hannun Abuja. Haka ma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da Najeriya ta amince da kwangilarsa a watan Satumban 2020, wanda in ya tabbata zai sauya sana'ar masu manyan motoci. Abin tambaya a nan shi ne shirin da gwamnati mai zuwa ke da shi na tattaunawa da maƙwabciyarta.

Ƙungiyoyin direbobi na da yawan da zai sa a saurare su. Idan suka rubuta bukatunsu, suka kai wa kowane ɗan takara wadda ta shafi kujerar da yake nema, suka nemi ya faɗi wa'adi da inda kuɗi zai fito, za su samu abin tuni bayan rantsuwa. Idan suka tsaya ga man ayari, ba zai wuce kwana ɗaya a tanki ba.