SHARHI: Fitilar cek-injin da cinikin kashe ta a tsofaffin motocin alfarma

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin Mercedes-Benz da BMW da Lexus da ke yawo a titunan Abuja da Kano da Kaduna ya san wata ƙaramar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke ci a dashbod. Direbobi na kiran ta cek-injin. Wasu sun shekara suna tuƙi da ita a kunne har idonsu ya daina ganinta. Wasu sun manna mata baƙin tef. Wasu kuma kan je gareji a jona wa motar na'ura, a danna maɓalli, fitilar ta mutu, su biya kuɗi su tafi. Bayan kwana uku ta dawo.

A lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin sakaci. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin mai, lissafin ya sauya. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a Abuja da Kano, kuma a watan Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000 a gidajen man NNPC da ke Abuja. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kimanin naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, ta ja farashin kayan gyara sama. A irin wannan yanayi, motar da ke shan mai fiye da kima, da bakaniken da ke canja kaya bisa kintace, duka biyun suna cin aljihun mai mota.

Abin da fitilar ke faɗa

Asalin wannan fitila dokar kare iska ce. Tun daga motocin ƙirar 1996, Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Shi ya sa kusan kowace mota da aka ƙera daga wannan lokaci take da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsala.

Kwamfutar injin, wadda kanikawa ke kira biren-bos, tana karɓar rahoto daga sansa-sansa masu auna iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da juyawar inji, da iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Idan wani awo ya fita daga iyakarsa, sai ta adana wata lamba mai harafi ɗaya da alƙaluma huɗu, ta kunna fitila. Harafin P na nufin inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuma layin da kwamfutocin motar ke magana da juna. Idan sifili ne ya biyo bayan P, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, kamfanin da ya ƙera motar ne ke da fassararta.

Akwai kuma bambanci tsakanin fitilar da ta tsaya cak da wadda ke kiftawa. Ta farko na cewa a duba motar nan kusa. Mai kiftawa na nufin wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na zuba cikin salansa, kuma ci gaba da tafiya na iya narkar da matatar hayaƙi, wato abin da kanikawanmu suka laƙaba wa suna indomi. A nan tsayawa ce ta wajaba.

Lamba koke ce, ba hukunci ba

Babban kuskuren da ake tafkawa a garejinmu shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar tana bayyana abin da kwamfuta ta gani ne kawai, kamar yadda zazzaɓi ke nuna jiki ba lafiya ba tare da ya faɗi ko sauro ne ko taifot ba.

Ɗauki P0171, ɗaya daga cikin lambobin da aka fi gani. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a gefe ɗaya na injin. Injin fetur na son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Da yake sansan oksijin ne ya kai ƙarar, shi ake fara cirewa a jefar. Alhali a BMW masu injin M54 na farkon shekarun 2000, sanannen dalili shi ne tsagewar tiyon roba da ke kai iska, ko lalacewar bawul ɗin da ke mayar da tururin man inji. A Lexus RX kuwa sau da yawa ƙura ce ta rufe sansan auna iska, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ta sha hunturun Arewa. Raunin famfon mai da toshewar nozul ma na haifar da lambar. Sansan da aka jefar gaskiya ya faɗa.

Haka P0300, wadda ke nufin inji na tsallake wuta ba a silinda ɗaya ba. Idan lambar ta ƙare da 1 zuwa 8, kamar P0303, ta nuna silindar da abin ya shafa. Ƙwararren bakanike zai ɗauke kwayil ɗin silinda ta uku ya mayar da shi ta huɗu. Idan lambar ta koma P0304, an kama mai laifi ba tare da an kashe ko sisi ba. Wanda bai ƙware ba zai rubuta wa mai mota kwayil shida da fulogi shida.

Wani lokaci kuma lambar kan ɓoye babban aiki a bayan ƙaramin suna. A injin M272 na Mercedes-Benz, wanda ke cikin C da E da ML 350 na tsakiyar shekarun 2000, lambobin P0016 da P0017 na cewa juyawar sassan inji biyu ba ta daidaita ba. An san cewa a injinan farko na wannan ƙira, haƙoran wani ƙarfe da sarƙar taimin ke bi ta kansa suna cinyewa da wuri. Canja sansa sau goma ba zai dawo da haƙoran ba, gyaran yakan kai ga sauke inji. Wanda ya sayi irin wannan mota da fitila a kashe ya sayi bashi.

A ɗaya gefen, P0455 na iya zama murfin tankin mai ne bai ɗauru ba. Batirin da ya yi sanyi kuma kan sa motocin Jamus su zubo lambobi barkatai waɗanda ke ɓacewa da zarar an sa sabo.

Me ya sa abin ya fi ƙamari a nan

Dalili na farko shekarun motocin ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, kimanin kashi 40 cikin ɗari. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ake lodawa zuwa Afirka ya gano yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma akasari ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Motar da ta iso Apapa ko Kwatano a wannan shekaru, robobinta sun bushe tun kafin ta ga ranar Maiduguri.

Na biyu shi ne mai. Sinadarin salfa idan ya yi yawa a fetur yana kashe ƙarfin indomi, yana kuma dagula sansan oksijin. Ƙasashen ECOWAS sun amince cewa daga Janairun 2021 kada salfa ya wuce kashi 50 cikin miliyan a man da ake shigowa da shi, kuma motocin da za a shigo da su su cika ma'aunin hayaƙi na Euro 4. Amma 'yan Najeriya ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da methanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka mamaye ƙasa. Wanda ke shan man 'yan bumburutu a galan kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke shiga tankinsa.

Na uku cinikin indomi ne. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, don haka tana da kasuwa. Wasu motocin ana fafe su tun kafin su bar tashar jiragen ruwa, wasu a gareji, wasu kuma mai motar ne da kansa ke sayarwa idan aljihu ya yi zafi. Da zarar an cire ta, P0420 ko P0430 za su zauna daram, fitila ta ƙi mutuwa. Daga nan sai mai mota ya daina kula ta. Ranar da wata sabuwar matsala mai haɗari ta taso, babu yadda za ta sanar da kanta, domin fitilar ta riga ta daɗe a kunne.

Na huɗu kayan aiki da ilimi. Ƙaramar na'urar da ake jonawa da wayar hannu tana karanta lambobin gama-gari na inji kawai. Motar alfarma na iya ɗaukar kwamfutoci da dama, na giya da birki da ƙafa da kujeru, kuma ganin cikinsu na buƙatar manhajar kamfani: Xentry ga Mercedes-Benz, ISTA ga BMW, Techstream ga Lexus. Tsofaffin Mercedes na shekarun 1990 ma soket ɗinsu zagayayye ne mai ramuka 38 a ƙarƙashin bonet. Yawancin kanikawan Apo da Panteka da Ƙofar Ruwa sun koyi sana'a ne a hannun iyayen gidan da suka ƙware a Peugeot 504, inda kunne da hannu suka wadatar. Ƙwarewarsu ta gaske ce, sai dai motar ta sauya harshe.

Abin da mai mota zai iya yi

Kafin a goge kowace lamba, a rubuta ta, ko a ɗauki hotonta. Tare da lambar, kwamfuta na adana yanayin da injin yake ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru: gudunsa, zafinsa, da yawan man da yake ƙarawa ko ragewa. Gogewa na share wannan shaida. Mai mota na da haƙƙin tambayar bakanike wane gwaji ya yi da ya tabbatar kayan da ya rubuta ne suka lalace, ya kuma nemi a ba shi tsohon da aka cire.

Mai shirin saye kuma ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Dole cek-injin ta kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. Sannan ya sa a duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta sun kammala. Idan na'ura ta nuna yawancinsu ba su shirya ba, to ba a daɗe da goge lambobi ko cire kan batir ba, kuma dillali na da bayanin da zai yi.

Inda hukuma ta shigo

Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci tana gudanar da horon kanikawa a kan motocin zamani, kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA na da rassa a faɗin ƙasa. Ta hannunsu ne za a iya samar da shaidar ƙwarewa da mai mota zai gani ya san wa ya iya karanta na'ura, wa ya iya danna maɓallin gogewa kawai. Jami'an VIO da ke sabunta takardar lafiyar mota za su iya jona na'ura a soket ɗin nan cikin minti biyu, kamar yadda jihohi da dama a Amurka ke yi a gwajin hayaƙi. Hukumar FCCPC kuwa, da dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa, tana da hurumin sauraron koken wanda aka sayar wa kaya bisa yaudara, kuma mota mai fitilar da aka toshe da gangan na cikin wannan sahu.

Har zuwa lokacin da za a yi hakan, nauyin yana kan mai mota. Kuɗin bincike na gaskiya bai kai na cika tanki ɗaya ba, yayin da motar da sansanta ya mutu ke ƙona ƙarin mai a kowace tafiya, hayaƙinta kuma na sauka a huhun 'yan talla da masu Keke Napep da ke tsaye a bayanta a danja.