Feshin hantsi a gonar riɗi: asarar da manomin Guci ba ya lissafawa

A ƙasar Guci, cikin gundumar Dungas, idan riɗi ya yi fure, wanda ya ratsa gona da hantsi zai ji ta tana ƙugi. Ƙudan zuma ne ke kutsa kai cikin fararen furannin nan masu dogon baki, su fito jikinsu buɗu-buɗu da garin fure, su faɗa na gaba. A daidai wannan lokacin ne kuma ake ganin yaro ya goya famfo, ba takalmi, ba ƙyalle a hanci, yana bin kunya-kunya da feshi. Mai gonar tsutsa yake nufi da maganinsa. Amma da ita da ƙudan duka suke zuba ƙasa.

Gero da dawa ba ruwansu, iska ce ke yi musu barbara. Riɗi kuwa, wanda a Magariya da Dungas shi ne ke kawo kuɗin biki da na sayen tunkiya, ko da yana iya ɗaukar 'ya'ya da kansa, albarkarsa na hannun ƙudan. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya rufe furanni don hana ƙwari shiga, sai amfanin riɗi ya ragu da kashi 59 cikin 100, na auduga da kashi 37. Kankana da kabewa na garkunan Korama ma sun fi haka dogaro, domin furen namiji daban, na mace daban. In ba a sami mai kai saƙo tsakaninsu ba, sai fure ya bushe ya faɗi. Ke nan mai feshin hantsi ya sayi guba da kuɗinsa ya kashe ɗan ƙodagon da bai taɓa neman lada ba.

To me ke cikin famfon? Sau da yawa mai feshin kansa bai sani ba. "Mai ƙarfi" ya ce a ba shi a kasuwa, aka tsiyaya masa a tsohuwar robar ruwa. Nijar tana cikin ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, kuma a ƙa'ida ba a sayar da maganin ƙwari sai wanda kwamitinta na magungunan feshi, CSP, da ke Bamako ya amince da shi. An haramta endosulfan tun 2007, paraquat a 2011, carbofuran a 2015. Amma ƙididdigar da cibiyar manoma ta RECA ta sha yi a kasuwannin ƙasar ta nuna akasarin magungunan da ke kan teburan 'yan kasuwa ba su da wannan izini, kuma ta Najeriya suke shigowa. Wanda ya san kusancin Dungas da Maigatari ba zai yi mamaki ba. Piya-piya, wadda hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a 2019, har gobe da ita wasu ke feshin lambu da ajiyar wake, alhali ga buhunan PICS masu riɓi uku da ke kashe ƙwaron wake ba tare da ɗigon guba ba.

Ɓarnar ba a furen take tsayawa ba. Wannan yanki ne na tafkuna da fadamu, har tafkin Lasuri ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005 saboda tsuntsayen ruwa da ke sauka a cikinsa. A bakin irin waɗannan ruwaye ake wanke famfo, a nan ake yar da kwalba. Kwaɗo da kifi su fara sha. Shamuwa da balbela, waɗanda ke cinye fara kyauta, su tsinci farar da aka fesa. Mutane ma suna cin farar, soyayya da yaji, kuma babu mai tambayar daga wace gona aka kamo ta. Ungulu kuwa, da a da ke cika mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma guba na daga cikin manyan dalilai.

Za a ce mai rubutu ya ƙoshi ne shi ya sa yake tausayin ƙuda. Gaskiya ne, wanda tsutsa ta sauka wa a gona ba wa'azi yake nema ba, kuma ba wanda ke cewa a naɗe hannu. Sai dai Nijar ɗin nan ta riga ta gwada wasu hanyoyi sun yi aiki. Masana na cibiyar binciken noma ta INRAN da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi sun daɗe suna rataye 'yan buhuna a gonakin gero, masu ɗauke da wani ɗan mitsitsin ƙwaro, Habrobracon hebetor, da ke kashe murzuna a cikin zangarniya. Shi ma wannan ɗan ƙwaro, feshin ganganci na kashe shi. An gwada maganin fara na Green Muscle a ƙasar nan, wanda naman gwari ne da ke kama fara ya bar tsuntsu da ƙudan zuma. Ga ruwan 'ya'yan bedi, wanda itacensa ke ƙofar gida. Can waje ma, Tarayyar Turai, da duk ƙarfin kamfanoninta, ta hana amfani da magunguna 3 na dangin neonicotinoid a fili tun 2018, saboda ƙudan zuma.

Mutanen Magariya da Dungas sun mayar da gawo cikin gonakinsu da hannunsu, har duniya na zuwa kallo, kuma a kan itatuwan ne masu zuma ke ɗaura amya. Abin da ake nema yanzu bai kai wannan wuya ba. Hukumomin Guci da malaman gona su sa gidajen rediyon karkara su riƙa maimaitawa tun kafin shuka: kada a fesa riɗi yana cikin fure, in ya zama dole, a bari sai la'asar sakaliya, ƙudan sun koma, a gaya wa mai amya da ke maƙwabtaka, kada a wanke famfo a tafki. Jami'an kare tsirrai kuma su shiga kasuwa ranar da take ci, su duba abin da ke cikin robobin nan.