Karatun Da Ke Bi Ta Hannu

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna ɗauka cewa tsada da manyan gine-gine ne suka bambanta makarantun sakandare na ƙasa da ƙasa. A ganina, bambancin yana cikin aji.

Mu dubi tsarin IB, wanda aka kafa a Janiba, ƙasar Suwizalan, a 1968. Cikin shekaru 2 na ƙarshe ɗalibi yakan ɗauki darussa 6, ya yi bincike da kansa ya rubuta har kalmomi 4,000, ya kuma yi wa jama'a hidima. Hadda kaɗai ba ta fisshe shi.

Koyarwa irin wannan ba sai da kuɗi ba. Yara su girka gwangwani su auna ruwan damina, ga labarin ƙasa. Su haɗa jimillar mako, ga lissafi. Su rubuta rahoto su karanta gaban aji, ga harshe.

Wasu za su ce lokacin shirin WAEC zai ragu. Amma abin da yaro ya yi da hannunsa ba ya saurin mantawa, ko a ɗakin jarrabawa. Gani ya kori ji.

Dattawan da ke kwamitin makarantunmu, ku tambayi malamai: me yaranmu suka yi da hannunsu wannan zango?