Kofin mata ya shiga hannun mace

Ranar 22 ga Disamba 2024, a birnin Louisville na ƙasar Amurka, ƴan matan jami'ar Penn State sun doke na jami'ar Louisville da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na ƙwallon raga, wanda ake kira volibal. Tun 1981 ake gasar nan ta manyan jami'o'i, mata ke wasa, amma duk shekara namiji ne mai horar da ƙungiyar da ke cin kofi. A ranar nan ce Katie Schumacher-Cawley ta zama mace ta farko da ta ci shi a matsayin shugabar masu horarwa.

Dalilin jinkirin yana da tushe. A 1972 gwamnatin Amurka ta kafa doka mai hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Kafin dokar, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ke horar da su, domin aiki ne da ba shi da albashin kirki. Da kuɗi suka shigo, maza suka yi sha'awar kujerun, har rabon mata ya koma ƙasa da rabi. Ƴan kasuwa sun san wannan hali: hajar da aka raina, da zarar ta yi daraja sai masu ƙarfi su mamaye ta.

Ita dai Katie ba daga sama ta faɗo ba. Ƴar birnin Cikago ce, ta yi karatu a Penn State, kuma tana cikin ƴan wasan da suka ciwo wa jami'ar kofinta na farko a 1999, a ƙarƙashin malaminta Russ Rose. Bayan ta gama, ta koma garinsu, inda ta shugabanci ƙungiyar jami'ar Illinois ta Cikago daga 2009 zuwa 2016, wurin da ba a cika jin labarinsa ba. Ta yi shekarar 2017 a jami'ar Pensilbaniya. A 2018 sai ta ajiye shugabanci ta dawo Penn State a matsayin mataimakiyar Rose. Ma'aikaci ya san nauyin irin wannan shawara, a bar kujerar shugaba a koma ƙarƙashin wani. Shekara 4 ta yi tana ƙara koyon aiki.

Rose ya yi ritaya a ƙarshen 2021 da kofi 7 a hannunsa, aka naɗa ta a Janairun 2022. Gadon babban mutum kaya ne mai nauyi, domin duk abin da magaji ya yi da na baya ake auna shi.

A shekararta ta uku likitoci suka gano tana da cutar daji a nono. Ta sanar da jama'a a watan Oktoba 2024, ta ci gaba da zuwa fili tana shan magani mai zubar da gashi, ga kuma ƴaƴa mata 3 a gida. A wasan kusa da na ƙarshe jami'ar Nebraska ta riga ta ci zagaye 2, saura ɗaya ta fitar da su, amma ƴan matan Katie suka cinye zagaye 3 a jere.

Abin lura, ko da Penn State ta faɗi a wasan ƙarshe, da mace ce za ta ɗaga kofin, domin a lokacin Louisville ma mace ke horar da ita, Dani Busboom Kelly, wadda ita ma ta ci kofin tana ƴar wasa a Nebraska a 2006. Ɗaliban jiya sun girma, sun koyi aikin daga ƙasa, kuma shugabannin jami'o'in da suka amince musu da kujera sun ga amfanin amincewar.