Guguwar Rana: Dalilin Da Ya Sa Hasashe Ke Da Wuya

Ran 10 ga Mayu 2024 guguwar rana mafi ƙarfi tun ta Oktoban 2003 ta bugi duniya. Hukumar NOAA ta Amurka ta yi gargaɗin guguwa mai mataki na 4, sai ga shi ta kai mataki na 5, watau na ƙoli. Manoman Amurka da ke dogara ga GPS suka tsaya cik ana tsakiyar shuka.

Asalin lamarin shi ne, wani lokaci rana takan yi aman tarin iska mai zafi ɗauke da lantarki da maganaɗisu. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, kuma aman yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ya iso. Sai dai ba kullum yake tafiya sak ba. Maganaɗisun da ke kewaye da rana, musamman a wuraren da masana ke kira ramukan rana, yakan ture shi gefe. Wanda aka zata zai wuce yana iya karkatowa gare mu, wanda aka ji tsoro kuwa ya kauce.

Har ila yau, ɓarnar ta danganta ga inda maganaɗisun aman ya fuskanta. In kudu ne, sai ya haɗu da na duniya ya kutso ciki; in arewa ne, akasari sai ya zame. Ba a tabbatar da wannan sai aman ya iso taurarin ɗan Adam da ke gadi a nisan kilomita miliyan 1.5, lokacin da abin da ya rage bai wuce minti 15 zuwa 60 ba.

Wannan jinkiri yana da tsada. Ran 13 ga Maris 1989 lardin Kwibek na Kanada ya yi awa 9 ba wutar lantarki. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurari 38 daga cikin 49 da ya harba, alhali guguwar ƙarama ce.

Saboda haka ne Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ke shirin harba kumbon Vigil a 2031, domin ya riƙa kallon aman daga gefe, ya ga inda ya dosa. Kafin nan, lalle ne hukumomin lantarki da na sufurin sama da na sadarwa su tsara abin da za su yi cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci, tun gargaɗi bai zo ba.